Jarumin Da Ya Ƙi Mutuwa



Da aka ce ni ne da maƙalar wannan makon, na yi niyyar yin bayani a kan yadda ake gina jarumi a labari. Sai na ga idan na miƙe ina ba da fatawa zan zama mai dokar barci da ya ɓuge da gyangyaɗi, domin ni kaina ban daɗe da fitowa daga ramin ba. Saboda haka zan ba ku labarin yadda na faɗa, da yadda wani katun ɗin Japan da ƙanina ya matsa mini na kalla ya nuna mini inda na yi tuntuɓe.

Wasunku sun san ina da wani labari da nake saki shafi-shafi a WhatsApp. Jarumin maraya ne, baffanninsa suka cinye masa gado suka kore shi, ya shiga duniya ya dawo da arziki. Har nan babu laifi. Amma da tafiya ta yi tafiya sai na riƙa jibga masa kaya. Na ba shi kyau, na ba shi hadda, na mai da shi likitan tiyata, na kuma sa ya iya faɗa har yana kayar da 'yan daba biyar shi kaɗai. Mata uku suna sonsa, kowacce tana kuka a ɗakinta. A shafi na 41 na sa aka harbe shi, na datse shafin daidai inda ya faɗi, na ajiye waya ina jiran a cika ni da kuka da magiya. Saƙon farko da ya shigo daga wata baiwar Allah ne da ba ta taɓa tsallake shafi ko ɗaya ba. Cewa ta yi, "Malam, mun san ba abin da zai same shi, a dai ci gaba." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na kwana ina lallashin kaina da cewa ba ta san adabi ba.

Bayan kamar mako biyu, ƙanina ya dawo daga wurin masu tura fina-finai a waya da wani katun mai suna Sword Art Online, irin waɗanda ake kira anime. Na ce masa na girmi kallon 'yartsana. Ya ce in daure in kalli kashi na farko kawai, idan bai yi mini ba zai goge. Daren nan sai da muka kalli kashi biyar, kawunanmu a haɗe a kan waya ɗaya muna bin fassarar da ke ƙasan allo, har caji ya ƙare.

Ga wanda bai san shi ba, ga yadda labarin yake. A ranar 6 ga Nuwamba 2022, wadda a lokacin da aka rubuta labarin tana can gaba, aka buɗe wani sabon gem a Japan. Shi wannan ba a buga shi da yatsu ana kallon allo. Wata hular kwano ce mai suna NerveGear mutum zai kifa a kansa ya kwanta, ita kuma ta tare saƙonnin da ƙwaƙwalwa ke aika wa gaɓoɓi ta karkatar da su cikin kwamfuta. Jikinka yana kan gado ko motsi ba ya yi, kai kuwa kana can wata duniya kana gudu, kana sara da takobi, kana jin ɗanɗanon abinci. Mutum 10,000 suka shiga a ranar farko. Da yamma ta yi suka nemi maɓallin fita suka rasa. Sai wanda ya ƙirƙiri gem ɗin, Kayaba Akihiko, ya tara su a dandali ya shaida musu cewa da gangan ya cire shi. Duk wanda jininsa ya ƙare a cikin wasan, hular za ta ƙone masa ƙwaƙwalwa a zahiri. Duk wanda danginsa suka cire masa hular da ƙarfi shi ma haka, kuma tuni mutum 213 sun mutu ta wannan hanyar. Mafita ɗaya ce tak. Duniyar tasu, Aincrad, wani katafaren gini ne mai hawa 100 da ke shawagi a sararin sama, kowane hawa da bos ɗinsa, kuma sai an kashe na hawan ƙarshe kowa zai farka. Jarumin wani yaro ne ɗan shekara 14 da ake kira Kirito.

Abin da ya ƙara jawo ni shi ne, da na bincika sai na tarar marubucin, Reki Kawahara, ɗan'uwanmu ne a wahala. A 2002 ya rubuta labarin don shiga wata gasa, ya zarce adadin shafukan da aka ƙayyade, sai ya fasa turawa ya zuba shi a shafinsa na intanet da sunan aro, yana saki masu karatu suna bi, kamar dai yadda muke yi. Sai da wani labarin nasa mai suna Accel World ya ci gasa a 2008 sannan aka waiwayi wannan, aka fara buga shi littafi a 2009. Kamfanin A-1 Pictures ya mai da shi katun a 2012, zangon farko kashi 25. Ashe marubucin onlayin ne, kuma alherin rubutun onlayin da cutarsa duk suna jikin aikin nasa.

Bari in fara da alherin, domin yana da yawa.

Na farko, buɗewa. Cikin minti ashirin da 'yan kai mai kallo ya san inda yake, ya san doka, ya san hukuncin wanda ya yi sake, ya san hanyar fita. Ku gwada wannan da yadda da yawanmu muke cinye shafi goma muna siffanta gadon jaruma da labulen ɗakinta kafin a san me ke damunta. Akwai kuma wata dabara a wannan kashin da har yau nake jinjina mata. Kowane ɗan wasa ya shiga da fuskar da ya zaɓa wa kansa, kyakkyawa, dogo, ƙaƙƙarfa. Sai Kayaba ya ba kowa madubi, suna dubawa kowa ya koma ainihin kamanninsa. Nan take aka ga ƙartin da suka shigo da siffar 'yanmata, aka ga masu ƙaramin jiki da suka shigo a matsayin barade. Da wannan madubin kaɗai marubucin ya sanar da mu cewa wasa ya ƙare, ba tare da ya sa wani ya tsaya yana dogon jawabi a kai ba.

Na biyu, kashi na 3, wanda a ganina shi ne ƙololuwar zangon farko gaba ɗaya. Kirito ya shiga wata ƙaramar ƙungiya ta wasu abokai 'yan makaranta ɗaya, ya ɓoye musu cewa ya fi su ƙarfi nesa ba kusa ba, don yana tsoron kada su guje shi. A cikinsu akwai wata yarinya, Sachi, wadda tsoron mutuwa ke hana ta barci, ya yi mata alƙawarin ba za ta mutu ba. Ganin suna ta nasara tun zuwansa ya sa suka ɗauka ƙarfinsu ne, suka kutsa inda ya fi ƙarfinsu, suka buɗe wani akwatin da ashe tarko ne. Duka suka mutu a gabansa, har da Sachi. Shugabansu, wanda ba ya wurin, da ya ji labari sai ya faɗa daga gefen ginin. Kirito ya shafe watanni yana neman wani abu da aka ce yana dawo da matacce, ya sha baƙar wahala ya samo shi, sai ya tarar ba ya aiki sai cikin daƙiƙa goma da mutuwar mutum. Ku lura da yadda aka ɗaure wannan. Ƙarya ce ƙarama, irin wadda kowannenmu zai iya yi don a so shi, ita ta jawo asarar da ba ta gyaruwa. Ƙanina yana gefena yana sharar hanci yana cewa mura ce.

Na uku, zaman duniya. Mutanen nan shekara biyu suka yi a ciki, kuma labarin bai manta cewa ɗan'adam ba ya iya zama cikin firgici kullum ba. Wasu sun buɗe shaguna, wata ta zama maƙeriya, wani dattijo ya koma kamun kifi a bakin tafki a hawa na 22. Wasu kuma sun kafa ƙungiyar kisa, suna fakewa da cewa ai ba su da tabbacin mutum yana mutuwa da gaske. A kashi na 8, Kirito da Asuna, mataimakiyar shugaban ƙungiyar da ta fi kowacce ƙarfi, suna cin farfesun zomo suna hirar yadda masu fita yaƙi ke raguwa saboda mutane sun fara sabawa da wurin. Wannan hirar ta fi mini faɗace-faɗace goma. Tambayar da ke ƙarƙashinta, ko kwanakin da mutum ya yi a duniyar ƙarya suna cikin lissafin rayuwarsa, tambaya ce da duk mai kwana da waya a hannu ya kamata ya yi wa kansa. Ga kuma zane mai kyau da kiɗan Yuki Kajiura da ke ɗaga faɗa ko da labarin ya yi sanyi.

To, sai cutar.

Ta farko tsalle ne. An yi mana alƙawarin hawa 100. Kashi na 2 yana hawa na farko, bayan wata guda, an ce mutum 2,000 sun mutu, amma ba mu ga yadda suka mutu ba, lamba kawai aka jefo mana. Daga nan sai tsalle, wata da watanni suna wucewa tsakanin kashi da kashi, kafin ka farga ana hawa na 74. Dalilin yana cikin tarihin rubutun. Littafin farko daga ranar buɗewa ya tsallaka kusan ƙarshe, labarai irin na Sachi kuma a littafi na biyu suka zo a matsayin gutsattsari, masu katun suka jera su bisa kwanan wata. Shi ya sa mutuwar da ta girgiza mu a kashi na 3 ba ta bin jarumin yadda ya kamata a kashin da ke biye. Sai ka ga kamar an ɗinka riga da ƙyallaye masu kyau amma ɗinkin yana bayyane.

Ta biyu, kuma babbar, ita ce Kirito kansa. Tun daga kashi na 4 ya tsaya a kan gada, gungun 'yan fashi suna ta saransa, shi ko gezau, domin jininsa yana cikowa fiye da yadda suke rage shi. A kashi na 9 ya fito da baiwar faɗa da takobi biyu, wadda duk cikin mutum 10,000 shi kaɗai aka ba. A kashi na 12 ya zauna gaban na'urar da ke tafiyar da gem ɗin, cikin 'yan daƙiƙu ya yi abin da sai ƙwararren injiniya. Kusan duk yarinyar da ya taimaka sai ta kamu da sonsa. A hankali na ji tsoron nan da ya hana ni barci a daren farko yana zirarewa.

Sai kashi na 14. A hawa na 75 Kirito ya gano cewa shugaban babbar ƙungiyar nan, Heathcliff, shi ne Kayaba da kansa, suka yi fito-na-fito. Kayaba ya sandarar da kowa da ikon na'ura, amma Asuna ta karya sandarewar ta tare wa Kirito sara, jikinta ya tarwatse kamar yadda na duk mamaci ke yi. Shi ma Kirito aka soke shi, jininsa ya ƙare ƙaf, ya fara ɓacewa, sai kawai ya ƙi mutuwa, da ƙarfin zuciya ya ɗaga takobi ya soke Kayaba. Kuma daga shi har Asuna babu wanda ya mutu. Masoya fim ɗin suna da bayanai iri-iri da suke kare wannan da su, amma bayanin da sai an fita wajen labari an nemo shi ba ya dawo da tsoron da ya riga ya tafi. Alƙawari kaya ne. Doka ɗaya aka kafa mana a kashi na farko, a kanta muka zuba hawayenmu, sai ga shi an ɗage ta saboda ɗan gata. To Sachi fa? Ita ba ta so rayuwa ba ne? Kusan mutum 4,000 da suka mutu duk ba su da zuciya? Da kuma aka tambayi Kayaba dalilin wannan ta'asa, sai ya nuna shi ma ya manta, ya koma zancen wani gini mai shawagi da yake mafarki tun yana yaro.

Na ture wayar na ce, "Wannan ai zamba ce! Marubucin nan son yaronsa ya rufe masa ido. Wa zai ƙara jin tsoro bayan wannan?"

Ƙanina, wanda shi yake taya ni duba kurakuran shafukana kafin in saki, ya ɗauki wayarsa yana goge allon da bakin riga, bai ko kalle ni ba ya ce, "Yaya, ai kai ma haka kake yi."

Na buɗe baki in yi masa faɗa, na rasa ta inda zan fara. Laifi tudu ne. Duk abin da na lissafa a kan Kirito, in ka cire takobi ka sa rigar likita, jarumina ne. Maganar baiwar Allahn nan ta dawo mini sabuwa. Ashe ta fi ni sanin labarina. Shafi arba'in na yi ina koya mata cewa wannan mutumin ba ya faɗuwa, ta kuma koya, sannan na zo ina fushi don ba ta firgita ba.

Da wannan idon na kalli ragowar zangon, daga kashi na 15 zuwa 25, kuma ban ji daɗin abin da na gani ba, don kamar ana karanta mini takardar tuhumata ne. Asuna, wadda ake yi wa laƙabi da walƙiya saboda saurin takobinta, wadda maza ke bin umarninta a fagen fama, ita ce aka kulle a kejin tsuntsu a cikin wani sabon gem, tana jiran a zo a cece ta. Ta yi yunƙurin gudu sau ɗaya, aka kamo ta. Mugun wannan ɓangaren, Sugou, ba shi da wata fuska sai ta mugunta, kuma an yi amfani da cin zarafin mace don kawai a tunzura jarumi a kuma tunzura mai kallo, har akwai wuraren da na sa ƙanina ya tura gaba. Sannan aka ƙaro 'yar'uwar Kirito da suka tashi gida ɗaya, ita ma ta kamu da sonsa. Na ga Turawa suna ta ƙorafi a kan dangantakar, mu kam auren zumunci ba baƙonmu ba ne. Abin da ya dame ni shi ne an sake ɗauko yarinya mai hazaƙa, gwanar wasan takobi, an mai da duk damuwarta ta zama namiji ɗaya. Na tuna matana uku masu kuka a ɗaki. Na tambayi kaina me kowaccensu take so a duniya in an cire jarumin, wallahi ban samu amsa ba.

Adalci shi ne in faɗa muku marubucin bai tsaya a nan ba. A ƙarshen zango na biyu, wanda ya fito a 2014, akwai labarin wata yarinya, Yuuki, da ke kwance a asibiti da cutar da ba ta da magani, wadda duniyar gem ce kaɗai inda take iya gudu da tsalle. Ita da abokanta, dukkansu marasa lafiya, burinsu su kashe bos guda su kaɗai don a rubuta sunayensu a wani allon tarihi kafin su rabu. A nan Kirito ya kara da Yuuki ya sha kaye, ya koma gefe. Asuna ce ke jan labarin, da rikicinta da mahaifiyarta a kan makomarta. Kuma da lokacin Yuuki ya yi, babu ƙarfin zuciyar da ya hana. Wannan ɓangaren ya fi komai taɓa ni bayan Sachi, kuma dalilin ɗaya ne: an bar asara ta zama asara. Haka kuma tun 2012 Kawahara ya koma ya fara sake rubuta labarin Aincrad hawa-hawa da sunan Progressive, yana cike wuraren da ya tsallake. Marubucin da duniya ta riga ta tafa masa ya koma gyaran aikinsa na ƙuruciya, ni wane ne da zan ce nawa ya fi ƙarfin gyara?

Na dakatar da sakin labarina mako uku. Ban kashe jarumin ba, don labarin nasa ne. Amma na bar harsashin ya yi aikinsa: ya farfaɗo hannunsa na dama ya shanye, likitan tiyata da ba zai ƙara riƙe almakashi ba. Na kuma koma na ɗaure harbin da halinsa. Direbansa, wanda ya riƙe shi tun yana yaro, ya gargaɗe shi kada su bi wannan hanyar da dare, girman kai ya sa ya yi masa tsawa, kuma direban ne bai tashi ba. Ɗaya daga cikin matan uku na ba ta abin da take so na kanta, ta koma karatunta, ta auri wani, kuma ta ji daɗin aurenta.

Ba zan ce muku kowa ya yi murna ba. Wasu sun fita daga zauren, wata ta ce na ɓata mata jarumi ba za ta yafe ba. Shafuka arba'in ɗin farko kuma har yanzu suna nan da cutarsu, ban gama sanin yadda zan yi da su ba. Amma baiwar Allahn nan ta turo saƙo mai tsawo, tun daga farko har ƙarshe faɗa take yi mini a kan direban, tana tambayar me ya yi mini, wa zai riƙe 'ya'yansa. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Yanzu kafin in saki kowane shafi ina yi wa kaina tambaya biyu. Wace doka na kafa wa mai karatu a farko, kuma ina shirin ɗage ta ne don na tausaya wa wanda nake so? Sannan me jarumina ya taɓa rasawa, ta dalilin halinsa, wanda ba zan dawo masa da shi ba? Idan amsar ta biyu babu ce, na san masu karatuna suna tafe da ni ne don sabo kawai.

Wanda zai nemi Sword Art Online ya kalla, ina ba shi shawara ya kalli kashi na 1, na 3 da na 14 da biro a hannu, kuma kada a kalla da yara, musamman rabin ƙarshe na zangon farko. Ku kuma 'yan'uwa, ina so in ji daga gare ku: a labarin da kuke rubutawa yanzu, mene ne abu mafi tsada da kuka taɓa ƙwacewa daga hannun jaruminku ko jarumarku?

Allah Ya ƙara mana basira, Ya sa alƙalumanmu su amfane mu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.